Avignon ko Makhanda: ina ya kamata mai son wasan kwaikwayo daga Yamai ya nufa?

Ɗan yayata malamin makaranta ne a nan Yamai, yana koyar da Faransanci a wata sakandare da ke Harobanda, kuma shekara shida ke nan yana jan wata ƴar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai da tsofaffin ɗalibai, waɗanda suke haɗuwa kowace Asabar da yamma a tsakar makarantar. Ya daɗe yana zubin adashi, da kwasarsa ta matso sai ya same ni a gida bayan sallar isha'i, ya ce: "Kawu, kuɗin tafiya ɗaya gare ni, ba biyu ba. Kai da ka taka wuraren nan biyu, ina kake ganin ya kamata in nufa, Avignon ko Makhanda?" Na ce masa ya ba ni kwana biyu, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar bakin ƙofa, kuma abin da na tsara masa shi ne nake shimfiɗawa a nan, ko zai amfani wani mai irin wannan niyya.

Garuruwan biyu suna da kama ta fuskoki da dama. Dukansu ƙanana ne, mutanen kowannensu ba su kai 100,000 ba, kowannensu yana da jami'a a tsakiyarsa, kuma kowannensu yakan cika ya batse sau ɗaya a shekara saboda babban bikin wasanni, lokacin da ɗalibai suka tafi hutu, masu wasa da ƴan kallo suka maye gurbinsu. Agogon garuruwan biyu ma ɗaya ne a wannan lokaci, yana gaban na Yamai da awa ɗaya. Daga nan kuma kamar ta ƙare. Avignon yana kudancin Faransa a bakin kogin Rhône, bikinsa yana cinye kusan mako uku na watan Yuli, a tsakiyar zafinsu. Makhanda kuwa yana lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu, bikinsa kwana goma ne ko sha ɗaya daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, wato tsakiyar hunturunsu, alhali mu nan muna cikin damina ana fama da noman fari.

Bikin Avignon ya samo asali ne a shekarar 1947, lokacin da ɗan wasan kwaikwayo Jean Vilar ya shirya mako guda na wasanni a fadar da Fafaromomi suka zauna a ƙarni na 14, zamanin da suka bar birnin Rum suka tare a wannan gari daga 1309 zuwa 1377. Har yau babban dandalin bikin shi ne farfajiyar wannan fada, wadda take ɗaukar mutum kusan 2,000, ba rufi, sai dogayen bangayen dutse da sararin sama. Wasannin da hukumar bikin take zaɓa da kanta, waɗanda ake kira In, ba su da yawa, kimanin arba'in ne a shekara, amma su ne ake kashe wa dukiya, su ne jaridun Faransa suke rubutu a kansu, kuma tikitinsu yakan ƙare tun makonni kafin a buɗe. Tiago Rodrigues, ɗan ƙasar Fotugal da ya gaji Olivier Py a shugabancin bikin, ya kawo al'adar gayyato harshe ɗaya kowace shekara: Ingilishi a 2023, Sifaniyanci a 2024, Larabci a 2025. Wanda ya zauna a waccan farfajiya da ƙarfe goma na dare, ya ga yadda ake sarrafa fitilu a jikin bango mai shekara ɗari bakwai, ya ga abin da ba zai gani a wani wuri ba, kuma ba zan rage wa wannan daraja komai ba. Sai dai tun a nan nake tambayar kaina abin da malamin da ke da fitila biyu da tabarma uku zai kwaso daga irin wannan kallo, ban da mamaki.

Abin da ya fi shafar irinmu shi ne ɗaya ɓangaren, wanda ake kira Off. Ya faro ne a 1966, lokacin da André Benedetto ya nuna wasansa a gidan wasansa na Carmes ba tare da hukumar biki ta gayyace shi ba, sai ga shi abin ya girma ya haɗiye garin. A ƴan shekarun nan wasannin Off sun haura 1,500 a biki ɗaya, ana yin su a ɗakuna fiye da ɗari, waɗansu gidajen wasa ne na gaskiya, waɗansu kuwa tsofaffin gareji ne ko shaguna da aka jera wa kujeru hamsin. Babu mai tantance kowa: duk ƙungiyar da ta iya biyan hayar ɗaki ta shiga. Ana fara wasa tun ƙarfe goma na safe, kowace ƙungiya tana da sa'arta, da ta gama sai ta kwashe kayanta cikin ƴan mintoci domin ta bayanta ta shimfiɗa nata. Saboda yawan masu wasa ya fi ƙarfin masu kallo, ƴan wasan da kansu suke fita titi da kayan wasansu a jiki suna raba ƴan takardun talla, suna tare mutane a bakin gidajen shan gahawa na dandalin Horloge da titin Teinturiers, kowa yana rantsuwa nasa ne ya fi. Takardun talla kuwa ana ɗaure su da igiya a jikin kowane turke da kowace taga, har mutum ya rasa inda bango yake. Duk wanda ya san Babbar Kasuwar Yamai ana jajibirin salla ya san irin hayaniyar, bambancin kawai shi ne hajar da ake tallatawa. Cikin wasa biyar da mutum zai shiga a yini, ba mamaki biyu su zama ɓata lokaci, kuma hanyar da ta fi kai mutum ga mai kyau ita ce ya kasa kunne ga hirar da ake yi a layin shiga, domin labarin wasan da ya yi armashi a bakin ƴan kallo yake yawo.

Makhanda labarinsa daban ne tun daga sunansa. Turawan Ingila ne suka kafa garin a 1812 a matsayin sansanin soja, suka sa masa suna Grahamstown, don tunawa da Kanar John Graham. A 1819 wani jagoran al'ummar Xhosa mai suna Makhanda ya kawo wa sansanin hari da dubban mayaƙa, bai yi nasara ba, aka kai shi kurkukun tsibirin Robben, ya nutse a teku a shekarar da ta biyo baya yana ƙoƙarin tserewa. Sai a 2018 aka sauya wa garin suna zuwa Makhanda. Shi kansa bikin, wato Bikin Fasaha na Ƙasa, an fara shi a 1974 tare da buɗe wani katafaren gini da aka yi a kan tudu don tunawa da Turawan da suka zo zama a 1820, kuma abin mamaki shi ne a zamanin wariyar launin fata wannan biki ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ake iya nuna wasannin da ke sukar gwamnati. Wannan tarihi bai ɓace ba. Mutum yana tsaye a kan tudun zai hango gari biyu: yamma mai jami'a da manyan makarantun kwana da majami'u, gabas kuma unguwannin baƙar fata irin su Joza da Fingo, inda talauci da rashin aikin yi suke a fili. Amalanken jaki yana ratsa babban titi kamar a Tawa, yara kuma sukan shafa farar hoda a fuska su tsaya cak kamar gumaka a gefen hanya, suna jiran a jefa musu tsaba.

Ta fuskar abin kallo, Makhanda ya fi faɗi, Avignon ya fi zurfi a abu ɗaya. A Avignon wasan kwaikwayo ne sarki, rawa tana biye, sauran kuwa ƴan rakiya ne. A Makhanda akwai wasan kwaikwayo da rawa da barkwanci da nunin zane da sassaƙa da majigi da laccoci, ga babban shirin kiɗan jaz wanda ya haɗa da horar da matasa, ga kasuwar kayan hannu da ake kira Village Green, inda masu saƙa da masu tukwane da masu aikin duwatsun ado suke baje koli. Shi ma yana da zaɓaɓɓen shiri da kuma buɗaɗɗen fage mai suna Fringe, amma girmansa bai kusanci na Off ba, kuma ni wannan alheri na ɗauke shi, domin mutum yana iya karanta jadawalin duka a dare ɗaya ya san abin da yake so. Da ƙarfe biyar na yamma akan yi ɗan taro kyauta a zauren babban ginin nan na kan tudu, inda ƙungiyoyi suke ɗanɗana wa jama'a gutsuren wasanninsu, kuma wanda aljihunsa ba nauyi zai iya yin zaɓinsa daga nan.

Maganar jami'a ita ce inda na fi daɗewa da ɗan yayata, domin shi malami ne. Jami'ar Avignon tsohuwa ce a takarda, an kafa ta a 1303, aka rufe ta zamanin juyin juya halin Faransa, aka sake tsayar da ita a 1984, amma a watan Yuli baƙo zai iya yin mako uku a garin bai lura da ita ba, domin bikin ya fi ta girma nesa ba kusa ba. Makarantun sakandare ma sun fi ta fitowa, tunda a farfajiyoyinsu da ɗakunan motsa jikinsu ake yin waɗansu wasannin In. A Makhanda kuwa, in aka cire Jami'ar Rhodes, wadda aka kafa a 1904, to bikin ba shi da wurin tsayawa. Gidajen wasan sashen koyar da wasan kwaikwayo nata ne, ɗakunan kwanan ɗalibai su ake ba baƙi haya, ɗalibanta ne suke riƙe fitilu da karɓar tikiti, kuma ɗaliban aikin jarida sun shafe shekaru suna fitar da jaridar biki mai suna Cue, wadda take sharhi a kan wasannin jiya. Mutum yana karyawa da safe a ɗakin cin abincin ɗalibai sai ya tarar wanda ke gefensa shi ne ya ba da umarnin wasan da ya kalla daren jiya, kuma hira ta ƙullu ba tare da wani ya yi masa iso ba. A Avignon samun minti goma da irin wannan mutum sai da hanya.

Akwai kuma wani wuri a cikin jami'ar da nake ganin shi kaɗai ya isa dalilin tafiya ga ɗan Nijar. Shi ne ɗakin ajiyar kiɗan Afirka da ake kira ILAM, wanda Hugh Tracey ya kafa a 1954, aka kai shi Jami'ar Rhodes a 1978. Dubban faya-fayan kiɗan gargajiya da aka naɗa a kudanci da gabashi da tsakiyar Afirka suna nan a tsare, tare da kayan kiɗan kansu, kowanne da bayanin inda aka samo shi. Ranar da na shiga, abin da ya yi ta zuwa mini a rai shi ne gurmi da goge da kalangu da algaita na ƙasarmu, da tsofaffin makaɗan Adar da Arewa da Damagaram da suke tafiya ɗaya bayan ɗaya, da tambayar ko wa yake naɗar nasu da irin wannan tsari. Garin yana kuma da gidan tarihin adabin Afirka ta Kudu mai suna Amazwi, wanda malamin adabi zai so ya leƙa.

To, sai harshe, kuma a nan Avignon ya yi rinjaye ba gardama. Wanda ya yi karatu a Nijar zai sauka a Avignon ya fahimci kusan duk abin da ake faɗa a dandali, ya yi ciniki, ya yi muhawara, ya karanta sharhin jarida. Marubutan Afirka masu Faransanci ma suna da gurbi a can: Dieudonné Niangouna na Kongo Brazabil ya zama abokin tsara bikin a 2013, kuma akan yi zaman karatun sababbin wasannin marubutan Afirka a fili, shiga kyauta. A ƙetaren kogi, a Villeneuve, akwai cibiyar Chartreuse wadda take saukar da marubutan wasan kwaikwayo su zauna su yi aiki. A Makhanda Ingilishi ne harshen jadawali da na tikiti da na yawancin wasanni, sai Xhosa da Afirkans da Zulu, kuma wanda Ingilishinsa na aji ne zai sha wuya a wasan barkwanci da duk wasan da ya dogara ga zance. Sai dai akwai abin da ya rage kaifin wannan matsala. Ƴan wasan Afirka ta Kudu sun saba da ƴan kallon da harshensu ba ɗaya ba, ƙasa ce mai harsunan hukuma fiye da goma, saboda haka suka gina salon da jiki da waƙa da amshi suke ɗaukar rabin labarin, mutum biyu da akwati ɗaya da bargo su zama gari guda. Wannan ita ce matsalar da ɗan yayata yake fuskanta kowace Asabar, inda rabin masu kallonsa Zabarmanci suke ji, rabi Hausa, Faransanci kuwa na ƴan makaranta ne kawai. Abin da na gani a ƙananan ɗakunan Fringe ya fi kama da teyatur ɗin da muka tashi muna kallo zamanin samariya da ƙungiyar Yazi Dogo fiye da duk abin da na gani a Faransa, kuma darasi ne da za a iya ɗaukowa a kawo Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda ba tare da an sayi ko ƙwan fitila ba.

Duk wannan hange ne, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tun bayan sauyin mulki na Yulin 2023 dangantakar Nijar da Faransa ta lalace, aka daina ba da biza a Yamai, kamfanin Air France ya dakatar da zuwa, a watan Janairun 2024 kuma aka rufe ofishin jakadancin Faransa ɗungurungum. A watan Satumban 2023 har wata takarda ta fita daga hukumomin al'adun Faransa tana umartar cibiyoyin da gwamnati ke tallafa wa su dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar da Mali da Burkina Faso, abin da ya tayar da ƙura a can kansa. Cibiyar al'adun da ake kira Jean Rouch a da, wadda ta kasance gadar da masu wasanmu da yawa suka bi, yanzu sunanta Moustapha Alassane kuma ba ta da alaƙar da take da ita da Faransa. Ma'anar wannan ga mai neman biza ita ce sai ya fita wata ƙasa ya kai takardunsa, ya biya kuɗin mota ko jirgi da masauki yana jiran amsa, ga kuɗin bizar Schengen kanta, ta shiga Faransa da maƙwabtanta, yuro 90, wato kusan sefa 59,000, waɗanda ba a mayarwa ko an hana shi. Ana kuma neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da takardar banki. Matashi marar aure mai albashin malami, wanda ba wata cibiya da ta gayyace shi, ya san da kansa yadda ake kallon irin takardunsa. Afirka ta Kudu ma tana neman biza daga ɗan Nijar, tana neman tikitin dawowa da shaidar masauki da ta kuɗi, kuma katin allurar shawara wajibi ne, amma babu rikicin siyasa a tsakani, kuma shaidar kama ɗaki a jami'a tare da tikitin wasanni hujja ce mai sauƙin fahimta.

Hanya kuwa ta Avignon ta fi sauƙi. Daga filin jirgin Diori Hamani mutum zai bi ta Kasablanka ko Istanbul ya sauka Marseille, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi cikin kimanin awa ɗaya, in kuma ta Paris ya shiga, jirgin ƙasa mai gudu yana yin tafiyar cikin ƙasa da awa uku. Makhanda ba shi da filin jirgin fasinja. Sai an bi ta Adis Ababa zuwa Johannesburg, a sake shiga jirgin cikin gida zuwa Gqeberha, wanda aka sani da Port Elizabeth kafin 2021, sannan a yi tafiyar kilomita kimanin 130 a mota. Kwana biyu ne zuwa, biyu dawowa, kuma tikitin ba ya da arha.

Amma da zarar an sauka, lissafi sai ya juye. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, randin Afirka ta Kudu kuwa a ƴan shekarun nan yana tsakanin sefa 30 da 35. Tikitin Off yakan kama wajen yuro 20, wato jika goma sha uku, ko da yake akwai katin da ake saye sau ɗaya wanda yake rage kashi 30 cikin ɗari a kowane wasa, kuma wanda zai kalli fiye da wasa uku ko huɗu ya kamata ya fara da shi. Tikitin Fringe a Makhanda da yawa suna wajen randi 100, jika uku da ɗoriya. Ke nan kuɗin wasa ɗaya a Avignon zai shigar da mutum uku ko huɗu a Makhanda. Masauki shi ne babban ramin Avignon: ɗaki a cikin ganuwa a watan Yuli yakan ninka farashinsa, kuma tun hunturu ake kama shi. Ni na taɓa kama wani ɗaki mai sauƙin kuɗi a wajen gari, mai ɗakin ya ce mini kusa yake, sai da na fito daga wasa bayan tsakar dare na tarar motar haya ta ƙarshe ta wuce tuni, na taka fiye da awa ɗaya. Akwai ƙungiyar CEMEA da take saukar da baƙi a makarantu tare da abinci da jagora zuwa wasanni, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da malami, in ya samu gurbi. A Makhanda ɗakin ɗalibi da karin safe ya wadatar, kuma kusan ko'ina ana zuwa da ƙafa.

Zafin Avignon ba zai tsorata mutumin da ya san Afrilun Yamai ba, ko da yake yakan haura digiri 30 kuma ƙananan ɗakunan wasa sukan yi turiri. Iskar da suke kira mistral ce kawai takan sa mutum neman riga a farfajiyar fada da dare. Sanyin Makhanda kuwa kada a raina shi. Dare yakan sauko kusa da daskarewar ruwa, yawancin ɗakunan wasa zaurukan makaranta ne da ba abin ɗumamawa, kuma rigar sanyin da muke sawa a watan Janairu ba ta yin komai a can. Ni a rana ta biyu na sayi bargo da hular ulu, na riƙa shiga wasa da su kamar kowa. Garin ya kuma yi fama da ƙarancin ruwan famfo shekara da shekaru, ga ɗauke wuta da ƙasar ta sha, abubuwan da ba baƙi ba ne a wurinmu amma sun fi ciwo a cikin sanyi. Ta wajen salla, a Avignon rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, manyan wasannin dare suna farawa tsakanin magariba da isha'i, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, saboda haka barci yakan yi ƙaranci. A Makhanda rana tana faɗuwa da biyar da ƴan mintoci, yini gajere ne, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a tsakiyar jadawali. Abincin halal ya fi samuwa a Avignon, inda ƴan asalin Maroko da Aljeriya suke da yawa, da mahautansu da masallatansu a unguwannin bayan ganuwa. A Makhanda Musulmi kaɗan ne, sai mutum ya yi tambaya, ko ya tsaya ga kifi da ganye. Ba zan kuma ɓoye cewa ƙyamar baƙi ƴan Afirka matsala ce a ƙasar ba, kuma a watan Oktoban 2015 an wawashe shagunan baƙi a wannan gari kansa. Lokacin biki tsakiyar gari cike yake da jama'a da masu tsaro, amma yawon dare shi kaɗai a unguwar da bai sani ba, ban shawarci kowa ba.

Kalanda ma tana da ta cewa. Jarrabawar BEPC da ta Bakaloriya sukan faɗo tsakanin Yuni da Yuli, kuma malamin da aka sa a tsaron jarrabawa ko gyaran takardu zai iske kwanakin Makhanda sun faɗa cikin aikinsa, alhali Avignon yana kaiwa har makon ƙarshe na Yuli. Wanda ya zaɓi Makhanda sai ya nemi izini tun da wuri.

Ɗan yayata ya ɗan yi shiru, sannan ya fito da abin da ke ransa tun farko, ya ce: "Kawu, in na ga hanya, ba zan iya kai yarana Off su yi wasa wata shekara ba?" Na ce masa ya cire wannan daga lissafi muddin da kuɗin aljihunsa ne. Ƙiyasin da ƴan sana'ar suke yi a tsakaninsu shi ne hayar sa'a ɗaya a ɗaki tsawon biki tana kama wajen yuro 100 a kan kowace kujera, wato ɗaki mai kujera 50 ya tasar wa yuro 5,000, sama da sefa miliyan uku, kafin a yi maganar jirgi da masauki da abinci da buga takardun talla na mutum shida ko bakwai. Ƙungiyoyin Faransa suna shiga wannan caca ne domin masu sayen wasanni na gidajen wasan ƙasar suna zuwa Avignon su cika jadawalin shekara, kuma duk da haka da yawa suna komawa gida da bashi. Ƙungiyar Yamai da ba ta da wanda zai tsaya mata a can, ko an yaba wasanta, ba ta da hanyar bin garuruwan Faransa da shi. Wanda yake son a ga aikinsa, bikin wasan kwaikwayo na Récréâtrales a Wagadugu, wanda ake yi a tsakar gidajen unguwar Gounghin tun shekaru da dama, da kasuwar baje kolin wasanni ta MASA a Abijan sun fi kusa da hannunsa, kuma daga irin waɗannan wurare ne gayyata zuwa Turai takan fito.

Saboda haka na raba masa amsar gida biyu, amma ban daidaita su ba. Marubucin da yake rubutu da Faransanci, wanda wata cibiya ta aiko masa da takardar gayyata kuma ta ɗauki nauyin masaukinsa, ya tafi Avignon kada ya yi wata-wata, domin a can ne masu buga littafi da masu sayen wasa da masu fassara suke taruwa. Haka ma wanda yake da takardar zama a Turai, ko ɗan'uwa a Marseille ko Lyon da zai sauke shi. Amma shi da yake da kwasar adashi ɗaya, ba gayyata, kuma abin da yake nema shi ne yadda zai tsayar da wasa mai rai da yara goma sha biyu a tsakar makaranta, Makhanda ne nasa, ko da Ingilishinsa yana ɗingishi. Na ce masa ya kama ɗakin jami'a da zarar an buɗe rajista, ya kai takardun biza wata biyu kafin tafiya, ya ware safiya guda cur domin ILAM, kuma kada ya cika jadawalinsa da fiye da wasa uku a yini, saboda hirar da ke tsakanin wasa da wasa tana cikin abin da ya biya kuɗin jirgi dominsa. Ya rubuta duka a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi da ke aljihunsa, sannan ya tambaye ni ko bargon nan da hular ulun suna nan. Suna cikin akwati a ɗakin gwaggonsa, na ce ya biyo ranar Juma'a ya ɗauka.